Atisayen keke a cikin ɗaki: Mafita ce ga matasan Zamfara?

A ƙasashen Turai, sanyi da dusar ƙanƙara ne ke tilasta wa 'yan tseren keke komawa cikin gida, inda suke shafe watanni suna gina ƙarfin ƙafa kafin a buɗe kakar gasa. A Zamfara kuwa dalilan daban ne: ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, zafin bazara da kan haura digiri 40 a Afrilu, sai kuma babban cikas, wato matsalar tsaro.

Mai son yin fice a tseren keke yana buƙatar doguwar hanya mai kwalta. Daga Gusau, waɗanda suka fi dacewa su ne wadda ta bi ta Kwatarkwashi zuwa Tsafe, da wadda ta nufi Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato. Dukansu sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma babu uban da zai bar ɗansa ya bi su shi kaɗai da asuba, lokacin da ya fi dacewa da atisaye.

Yadda ake yin sa

Ana ɗora tayar baya a kan wani ƙarfe da ke riƙe keken wuri guda, tayar na gogar wani abu mai juyawa da ke sa tuƙin ya yi nauyi. Bayan ɗumama jiki na minti 10, mutum zai taka feda da ƙarfi na minti huɗu, ya sassauta na minti uku, ya maimaita sau huɗu. Wata rana kuma ya sa giya mai nauyi yana juya ƙafa a hankali, kamar mai hawan tudu. Kwana biyu ko uku a mako sun wadatar, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ƙara ƙarfi. Dole ne a tanadi ruwan sha da fanka, tunda babu iskar hanya da za ta busar da gumi.

Duniya ta daɗe da karɓar wannan salo. A Disambar 2020 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko da aka fafata daga cikin ɗakuna ta manhajar Zwift.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar kayan aiki ba ta Zamfara kaɗai ba ce. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, sai da 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Idan haka ta faru a wannan mataki, ina ga matashin Tsafe?

Haka kuma ɗaki ba ya koya wa mutum shan kwana, ko tafiya a cikin ayari, ko fuskantar iska.

Duk da haka, ƙarfe mai sauƙi da mai walda zai iya haɗawa, da ɗaki guda a Gusau, ba su fi ƙarfin ma'aikatar matasa da wasanni ba. Ba za su maye gurbin hanya mai aminci ba, amma za su hana matasa zubar da ƙarfinsu kafin ranar da hanyar za ta biyu.