Nasiha A Kan Buguwar Kai Da Maganin Tsatsar Ƙwaƙwalwa

 Maganarmu a kan wanda ya faɗo daga babur ko mota kansa ya bugu, da magungunan da ake tallatawa ana cewa suna gyara ƙwaƙwalwarsa.

Ku sani, likitoci sun ce ɓarnar buguwar kai kashi biyu ce. Ta farko tana aukuwa nan take. Ta biyu tana biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki. Mai sayar da goro ya san in an tsaga shi iska ta taɓa shi, launinsa ya kan sauya. Maƙeri ya san yadda tsatsa ke cin ƙarfe. To, makamancin wannan ke samun ƙwaƙwalwa. Nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 na jiki ne, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da muke shaƙa, ga ta da maiƙo mai yawa. Idan ta bugu, jinin da ya zuba ya kan saki ƙarfen da ke cikinsa, wasu ƙwayoyi masu cin maiƙo su yawaita, su lalata abin da buguwar ta bari. Magungunan tare wannan tsatsa su ake kira antiyoksidan.

Hankali ya yarda da hujjar, amma gwaji shi ne alƙali. An gwada wani mai suna tirilazad a kan majinyata fiye da 1,000, aka buga sakamakon a 1998, ba a ga ya fi rashinsa ba. A 2004 aka bayyana wani gwaji na maganin sitiroyid a kan mutum fiye da 10,000 a ƙasashe da yawa, sai aka tarar mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba. A 2013 wani maganin mai suna asetilsistin ya nuna alamar amfani ga sojojin Amurka da bam ya girgiza a Iraƙi, amma mutum 81 ne kacal aka gwada, kuma rauninsu mai sauƙi ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne, abin da manyan likitoci suka gwada da dubban mutane bai tabbata ba, bai kamata ɗan kasuwa ya rantse a kansa ba. Zuma da zogale da habbatus sauda abinci ne mai albarka, amma ba su kwashe jinin da ya taru cikin ƙoƙon kai. Wanda ya sayar da kwalba da sunan tana warkar da buguwar kai, har iyalin majinyaci suka fasa zuwa asibiti, ya ci haƙƙin rai.

Mu kuma malamai, mu ake fara kira. Kada a ɗura wa wanda ya suma rubutu ko ruwa, domin yana iya shaƙewa ya tafi huhunsa. A yi masa addu'a ana kan hanya. In an ga amai, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jijjiga, ko jini da ruwa daga kunne, a gaggauta kai shi, kada a jujjuya wuyansa. Ko ya tashi ya yi magana, kada a saki jiki, domin jini na iya taruwa a ɓoye. Abin da ya tabbata yana ceton rai shi ne a kiyaye numfashinsa da ƙarfin jininsa, a ɗauki hoton kansa, a yi aiki in ya kama.

Ƙarshe, ku hori almajirai da yaran kasuwa su sa hular kwano in za su hau babur.  Allah ya kiyaye mu, amin. Wassalam.