Baƙin mai a rigar yaro ba shaidar iya aiki ba ce

Akwai wata magana da mu malamai da iyaye muka saba jefa wa yaro idan ya faɗi jarrabawa: "In ba ka yi karatu ba, garaji za ka." Ni kaina na faɗe ta a aji, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idan kuma aka kai yaron garajin, ya dawo gida da magariba baƙi ƙirin tun daga farce har wuya, sai mu kalle shi mu ce madalla, ya kama sana'a. A ganina mun yi kuskure a duka biyun, kuma abin da ya nuna mini haka ƙaramin abu ne: canjin filtar mai ta akori-kura.

Ƙanena yana da wata tsohuwar Hilux mai shan gazuwal, da ita yake bin kasuwannin ƙauye. A hutun da ya wuce na raka shi Tasawa. Da safe muka tsaya wani garaji a nan Maraɗi aka yi mata juye, abin da wasu ke ce wa bidanji. Maigidan garajin ya zuba sabon mai, amma filtar wani yaro ne da bai wuce shekara 13 ba ya kwance ta. Yana murɗa ta mai ya kwaranyo masa ta hannu har hammata, ya wanke gefen injin, ya malale a ƙasa. Yaron ya watsa rairayi a kai, ya ɗaura sabuwa, muka biya muka tafi.

Ba mu kai Cadawa ba jar fitilar mai ta kama. Allah ya taimaka ƙanena ya gani nan take ya kashe mota. Da muka leƙa, ƙarƙashinta sharkaf yake da mai. Makaniken da aka ɗauko mana a babur ya kwance filtar, sai ga zoben roba biyu: na tsohuwar filta ya manne a jikin injin, an ɗaura sabuwa a kansa, da mai ya matsa sai ya fashe ta tsakaninsu. Mun yi asarar mai, mun yi asarar cin kasuwa, da kuma an ƙara tafiyar minti kaɗan da injin ne gaba ɗaya ya tafi. Ƙanena ya rantse sai ya koma ya ja kunnen yaron. Na ce masa: "Bar shi. Yaya za a yi ya ga zobe baƙi a wurin da baƙin mai ya rufe? Wa ya taɓa ce masa ya duba?"

Daga baya na zauna na ga yadda wani dattijon makanike yake wannan aiki, kuma ina so iyaye su ji, don su san abin da ya kamata a koya wa ƴaƴansu. Yakan tsayar da mota a wuri mai daidai, ya ja birkin hannu, ya sa dutse a taya. Yakan tayar da injin na ɗan lokaci don mai ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ya kashe ya jira kamar minti 10, don kada ya ƙona hannu, kuma man da ke sama ya sauko. Kafin ya taɓa komai sai ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ɗora yankakken bido mai faɗin baki. Irin wannan mota tana ɗaukar litir 6 zuwa 8, don haka ƙaramar tasa ba ta isa.

Idan man ƙasa ya gama tsiyaya ya mayar da notin, sai ya jawo bidon ƙarƙashin filta. Ba ya kwance ta gaba ɗaya. Yakan sassauta ta kaɗan, ya bari man da ke bakinta ya ɗiga har ya tsaya. Sannan ya sa mata leda mai kauri kamar an sa wa ƙafa safa, ya ƙarasa murɗawa da hannu ta bayan ledar, ya fito da ita bakinta na kallon sama. Abin da ya zubo, a cikin leda ya tsaya. Sai ya juya tsohuwar filtar ya duba ko zobenta ya biyo ta, ya goge mazauninta da tsumma har ƙarfe ya fito fes. Ya shafa wa sabon zobe ɗan sabon mai da yatsa, ya ɗaura da hannu har zoben ya taɓa jikin injin, ya ƙara kamar kashi 3 cikin 4 na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikin filtar. Ya zuba mai, ya tayar da mota, ya leƙa ko akwai ɗiga, ya kashe, ya jira, ya auna. Tsohuwar filtar ya kife ta a bido ta kwana tana tsiyaya. Da ya gama, tafin hannunsa kawai ya wanke da sabulu.

To, a nan maganata take. Tsaftar wannan dattijo ba ado ba ce, ita ce aikin kansa. Wanda ya goge wuri shi yake ganin zoben da ya manne, kuma shi yake gane sabuwar ɗiga daga tsohon datti. Yaron da aka bari yana wanka da mai ba koya masa ake yi ba, aikinsa ake ci.

Kuma wannan mai ba datti ne kawai ba. Man da ya yi dubban kilomita a cikin injin ya kwashi burbushin ƙarfe da ƙurar ƙonewa. Littattafan da kamfanonin mota ke bayarwa suna gargaɗin cewa yawan zamansa a fata na iya kawo cutar fata, har da sankara. Yaranmu kuwa da shi suke wuni, su wanke hannu da fetur, su sa hannun a kwanon shinkafa da wake. Wanda aka rufe da rairayi ma bai tafi ko'ina ba. Ruwan farko na damina zai kwashe shi ya bi kwata, a Maraɗi ya nufi gulbi inda ake noman lambu, a Damagaram ya faɗa tafkin da dabbobi ke sha, garin da kowa ya san yadda ake wahalar ruwa.

Na san abin da za a ce: garaji ba likita ba ne, makanike kuma ba ya da lokacin wannan sanabe. Gaskiya ne, ba a aikin mota hannu bai yi baƙi ba, kuma akwai motocin da aka cusa filtarsu a lungun da sai an sha wuya. Amma a duba kayan da na lissafa: kwali, leda, tsumma, yankakken bido. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin maigidan garaji? Lokacin da ake cewa babu kuwa, minti 5 ne, mu kuma wuni guda muka biya a bakin hanya. Ballantana tsohon man yana da masu saye, irin su masu shafa wa katako saboda gara. Wanda ya zubar da shi a ƙasa, kuɗinsa ya zubar.

Ƴan uwana malamai, mu daina yi wa yara barazana da garaji. A cikin wannan aiki guda akwai lissafin litir, akwai kashi 3 cikin 4 da muke fama da su a allo, akwai karanta rubutun jikin filta, akwai tara kilomita 5,000 a kan abin da agogon mota ya nuna don sanin ranar juye na gaba. Garaji yana bukatar yaro mai karatu. Idan muka ga yaron da hannunsa ya fi bakinsa kaifi, mu nuna wa iyayensa hanyar cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kolejojin fasaha na CET, har zuwa Lise Teknik Ɗan Kasawa, tun kafin ya ɗauka cewa sana'a horo ce ta wanda ya kasa.

Ku kuma iyaye, kai yaro wurin maigida ba shi ne ƙarshen nauyi ba. Ku je garajin ba tare da sanarwa ba, ku kalli ƙasar wurin, ita za ta gaya muku irin koyarwar da ake yi. Ku tambayi maigidan cikin girmamawa inda yake tara tsohon mai. Da dare ku ce wa yaron ya lissafa muku yadda ake canja filta daga farko har ƙarshe. Idan ya shekara bai iya faɗa ba, to, ɗan aike aka mayar da shi. Ku saya masa sabulu, ku ware masa rigar aiki, ku hana shi ɗura tsohon mai a kwalbar lemu, don ƙannensa ba su san bambanci ba.

Yaron nan na garajin, na koma wurinsa bayan kwana biyu da leda da kwali. Na nemi izinin maigidansa, na nuna masa zoben da muka ciro. Ya juya shi a hannu, ya ce: "Mushe, ashe fita yake yi?" Shekara biyu yana wurin, ba wanda ya gaya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'arsu.