Kamarar miliyan a wuya, ko takarda babu a aljihu



Yau mako uku ke nan ɗan yayata bai fita aiki ba. Mai hoto ne, irin yaran nan da kuke gani wajen biki da suna, ko ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram suna kutsawa tsakanin dawakai. An kira shi wani biki cikin Birni, ya ajiye jakarsa gefen tabarma ya shiga sahun La'asar. Ana sallamewa ya waiga, babu jaka. Kamara, gilashinta biyu, fitila, batura, har da katin da ke ɗauke da hotunan amarya, duk sun tafi. Shekara uku ya yi yana tarin kuɗinsu.

Da ya je komisariya, abu na farko da aka tambaye shi: lambar kamarar fa? Bai sani ba. Takardar saye? Babu, hannu da hannu ya saye ta a Kano. Ke nan ko gobe ya ganta a wuyan wani cikin kasuwar Dole, ba shi da abin da zai shaida cewa tasa ce.

Jama'a sun yi ta zuwa jaje, ana Allah ya maida alheri. Amin. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne: me ya sa duk mai hoton da kamararsa ta salwanta a garin nan, sana'ar ke nan ta mutu, sai in yana da wani babba da zai tsaya masa?

Kuma ba ɓarawo kaɗai ba ne abin tsoro. Ƙurar hunturu tana shiga cikin kamara kamar gidan ubanta. Mai kabu-kabu ya taka rami, jaka ta faɗi, gilashi ya tsage. Damina ma ba ta bar mu ba. Duk mun ga yadda ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba na 2024, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye. To ina ga ɗan shagon hoto mai rufin kwano?

Wani zai ce a yi inshora mana, asurans kamar yadda muke faɗa a nan. Yawancinmu ba mu san asurans ba sai wannan takarda ta mota da ake nuna wa jandarma a hanya, don ita doka ta tilasta. Alhali kamfanoni irin su Leyma, SUNU, CAREN da NIA ba mota kaɗai suke yi wa ba, akwai ta gobara, akwai ta sata, akwai ta kayan aiki. Dukansu suna bin dokar CIMA ne, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ƙasashe 14 ke amfani da ita har da Nijar. Abu biyu daga cikin wannan doka ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, in ba ka biya kuɗin asurans ba, ba ta fara aiki ba, maganar bari sai na samu ba ta shiga. Na biyu, in sata ce, awa 48 gare ka ka sanar da kamfani. Mu kuwa nan, kwana biyun farko ana neman mai duba ne da bin maƙwabta.

Ba na hana kowa zuwa wajensu. Wanda ke da babban shago, da kamarorin bidiyo, da jirgin nan maras matuƙi, wallahi ya je ya tambaya. Sai dai ya sa wanda ya iya Faransanci ya karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa kafin ya sa hannu. Galibi akwai wani kaso na asarar da kai za ka ɗauka da kanka. Galibi ana cire kuɗin tsufa, wato kamarar da ka yi shekara huɗu da ita ba za a biya ka kuɗin sabuwa ba. Lalacewar yau da gobe, irin ta ƙura, ba a cika biyanta ba. Sannan a tambaya da kyau: in an sace ta a waje, ba a fasa ƙofa ba, ba a tare ni da makami ba, ana biya? Don satar da ke samun mai hoto ke nan, irin ta ɗan yayata.

Ga kuma maganar addini, wadda ba zan yi kamar ban san da ita ba. Malamai da yawa suna da ja a kan asurans ɗin kamfani saboda riba da rashin tabbas ɗin da ke ciki. Shi ya sa aka fito da takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar taimakon juna, wanda ya yi asara a ba shi daga ciki. A Sudan aka fara kafa kamfani irinsa a 1979, maƙwabtanmu Najeriya ma suna da su.

To ni a ganina, takaful ɗin nan masu hoton Zinder za su iya yin irinsa da hannunsu, tun kafin wani kamfani ya zo. Iyayenmu mata ma sun riga mu. Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, yau ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarinsu: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, ba a buɗewa sai gaban kowa, kuma ban da kuɗin ajiya akwai ɗan asusu na musamman don ranar da wata ta shiga matsala. Matan karkara da yawansu ba su yi boko ba sun riƙe wannan shekara da shekaru. Samari masu sarrafa hoto a kwamfuta su ce ba za su iya ba?

A ce masu hoto 40 ne, kowa ya zuba jika biyu a wata. A shekara an tara jika 960. Ba zai maida wa kowa kamara sabuwa fil ba, amma zai saya wa mutum biyu ko uku ta hannu su koma aiki, ya gyara gilashin wasu. Kuma a kula, wannan ba adashe ba ne. Adashe kowa na jiran kwasarsa. Wannan kuwa addu'arka ita ce kada ka taɓa kwasa.

Na san inda gizo ke saƙar. Wani zai sayar da kamararsa ya zo yana kuka an sace. Wani zai zuba wata biyu ya ɓace sai ranar da ta faɗa masa. Ma'aji zai ce ya ɗan juya kuɗin. Duk wannan sharaɗi ke maganinsa, kuma a rubuce, ba a baki wajen shayi a fada ba. Ba a shiga sai an kawo kayan gaban mutane an rubuta lambar kowane ɗaya. Ba a biyan kowa sai ya yi wata shida yana zubi. Ba a biyan sata sai da takardar komisariya. Kuma ba a biyan duka, rabi ko kashi biyu cikin uku, don mutum ya ci gaba da kula da jakarsa. In ƙungiyar ta yi ƙarfi, sai ta je wajen kamfani da murya ɗaya ta yi ciniki. A Amurka ma, babbar ƙungiyar masu hoto ta PPA haka take sama wa mambobinta asurans ɗin kayan aiki.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya cin ko dala. Juya kamararka yanzu, lambar tana nan a ƙasanta, ta gilashi ma tana jikinsa. Ɗauki hotonsu, tura wa wani ɗan uwa ta WhatsApp ya ajiye maka. In za ka sayi ta hannu, ko a Kano ko a nan, a rubuta takarda da suna da lamba da shaidu biyu. Hotunan mutane kuma a kwafe su a daren da aka ɗauka, don su babu asusun da zai maido su.

Shi dai ɗan yayata yanzu hayar kamara yake shirin fara yi wajen wani abokinsa, a raba abin da aka samu. Dangin amarya sun yafe masa kuɗin da suka ba shi tun farko, amma har jiya uwar amarya ta aiko a tambaya ko an ga katin.