Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna: A Maido Mana Da Tsanin Da Rashidi Yekini Ya Taka

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.



Mai Girma Gwamna, na san teburinka cike yake da maganar tsaro da makarantu da asibitoci da tituna, har wani zai ga kamar kawo zancen ƙwallon ƙafa a wannan lokaci rashin sanin ya kamata ne. To amma zancen da na kawo na samari ne, samarin hayin kudu na kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera da Barnawa zuwa Nasarawa da Television da Narayi da Sabon Tasha. Roƙona guda ne: a sake gina matakin farko da yaron unguwa yake takawa ya zama ƙwararren ɗan wasa. Hujjata kuma ita ce tarihin mutumin da ya fi kowane ɗan wasan gaba na zamaninsa suna a ƙasar nan, marigayi Rashidi Yekini, wanda ya taka wannan matakin a nan gefenmu.

An haifi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen Kwara ne, irin dubban da neman abinci ya kawo garin nan daga kowace kusurwa ta Najeriya. Ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa a 1981 ita ce UNTL, ƙungiyar babbar masaƙar nan ta yankin masana'antu na Kakuri. Ba ita kaɗai ba ce. Masana'antar ƙera makamai da ke Kakuri ita ma tana da tata, DIC Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, daga baya ta koma Ranchers Bees. Ita ce ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1988, ta kuma ɗauko kofin WAFU a 1989. A wancan zamani kusan duk kamfanin da ya amsa sunansa yana da ƙungiya, kamar Leventis United a Ibadan da Julius Berger a Legas da BCC Lions a Gboko. Abin da ƙungiyar kamfani take ba yaro ba wani abu ne mai yawa ba: fili, takalmi, riga, motar tafiya wasa, koci mai tsawatarwa, da ɗan abin sawa a aljihu a ƙarshen wata. Sai dai wannan ɗan abin shi ne ya raba mai buga ƙwallo don nishaɗi da mai bugawa don sana'a.

Ina so ka dubi yadda tafiyar tasa ta kasance, domin darasin yana cikin jerin ƙungiyoyin. Daga UNTL ya tafi Shooting Stars ta Ibadan a 1982, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 kafin Zamalek ta Masar ta doke ta. Daga nan sai Abiola Babes ta Abeokuta, wadda attajiri M.K.O. Abiola ya kafa. A 1987 ya ƙetara Abidjan, ya shiga Africa Sports a lokacin da take kan ganiyarta a Kwaddibuwa. Bai sa ƙafa a ƙwallon Turai ba sai a 1990, yana da shekara 26, bayan ya yi shekara 9 yana gogawa da masu tsaron baya na Afirka, a kan filayen da ba sa yi wa kowa sauƙi. Bai bar ƙungiya ɗaya ba sai da ya nuna ya fi ƙarfinta.

Ƙungiyar da ta kai shi Turai ita ce Vitória de Setúbal ta Fotugal, wadda ba ta cikin manyan ukun ƙasar, wato Benfica da Porto da Sporting. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Yekini bai tattara kayansa ba. Ya zauna ya ci gaba da aiki, har a kakar 1992/93 ya zura ƙwallo 34, ya ɗago ƙungiyar ya maido ta babbar gasa. Masu cewa cin ƙwallo a ƙaramin rukuni ba gwaninta ba ce sun sami amsa a kakar da ta biyo, domin ya ci 21 a babbar gasar, ya wuce duk 'yan gaban manyan ƙungiyoyin nan uku. Wanda ya kalle shi a lokacin ba zai manta ba: dogo ne kakkaura, ga gudu, ga ƙarfin ƙafa. Ba ya ɓata lokaci wajen yanka da ado. Da an jefa ƙwallo bayan masu tsaron baya ya riga su isa, ya sa kafaɗa ya kare, ya ɗaɗa ta raga. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan kambu daga hukumar CAF. Ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 1992, ya maimaita a ta 1994 a Tunisiya inda Najeriya ta ɗauko kofin. Ƙwallo 37 da ya ci wa ƙasarsa sun yi fiye da shekara 25 ba wanda ya kamo su.

Ranka ya daɗe, ga wani abu da ya kamata kowane ɗan jihar nan ya sani. Ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, Najeriya ta buga wasanta na farko a tarihin gasar cin kofin duniya, ta ci Bulgeriya 3 da nema. Yekini ne ya ci ƙwallon farko, ya shige cikin raga ya riƙe zarenta yana jijjigawa yana kuka da ihu, hoton da har yau ake nunawa. Wanda ya ci ta biyu Daniel Amokachi ne, haifaffen Kaduna, wanda ya fito daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. Ashe ƙwallaye biyun farko da ƙasar nan ta taɓa ci a gasar duniya 'ya'yan garin nan ne suka ci su, kuma dukansu daga ƙungiyoyin da tushensu yake masana'antun Kakuri. Bayan shekara 2, tawagar da ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta tana ɗauke da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk haifaffun Kaduna. Wannan ba dace ba ne. Gari ne da ya tanadi inda yaransa za su fara.

Ragowar tarihin Yekini ma yana da abin da zai koya mana. Bayan gasar 1994 ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya tafi Sporting Gijón ta Sifaniya, can ma ƙwallo ta ƙi shiga kamar da. Ya ɗan farfaɗo a FC Zürich ta Suwizalan, sannan ya bi ta Bizerte a Tunisiya da Al-Shabab a Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports. Ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, kuma a 2005, yana da shekara 41, ya sa rigar Gateway ta Abeokuta. Ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, bayan ya yi shekarun ƙarshe a kaɗaice yana fama da rashin lafiya, aka kai shi garin Ira na Kwara aka binne. Allah ya jiƙansa. In har gwarzon Afirka zai iya ƙarewa haka, to duk tsarin da za a gina wa yaranmu dole ya haɗa da karatu da sana'ar hannu, domin ƙafa ba ta daɗewa tana ciyar da mai ita.

Yanzu mu dawo yau. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta, UNTL ta tsayar da aiki a 2007, kuma duk ƙoƙarin farfaɗo da ita bai maido ta yadda take ba. Da jiniyar masaƙu ta yi shiru, usur ɗin ƙungiyoyinsu ma ya yi shiru. Amma ba a daina haihuwar yara masu baiwa ba. Ka aiko wani amintaccenka ya zagaya filayen makarantun firamare na wannan yanki bayan la'asar. Zai tarar da ƙura ta turnuƙe, an kafa gora biyu an ɗaura igiya a matsayin raga, yara fiye da talatin suna jiran layi a kan ƙwallo ɗaya da aka yi karo-karo aka saya. Zai ga wani yana buga wasa da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar yana wurin abokinsa. Zai ga koci, wanda da safe tela ne ko direban Keke, yana biyan kuɗin alƙalin wasa daga aljihunsa. Cikin waɗannan yara akwai mai lamba tara da zai iya kaiwa inda Yekini ya kai. Abin da ba shi da shi shi ne UNTL ɗinsa.

Wannan giɓin ne dillalan bogi suke cikewa. Mutum zai zo da takarda mai tambarin wata ƙungiya ta ƙasar waje, ya ce an gayyaci yaro gwaji, sai dai a biya kuɗin biza da tikiti. Uwa ta sayar da keken ɗinkinta, uba ya jinginar da fili, yaro ya ƙare a wani ɗaki a baƙon gari ba ƙungiya ba kuɗin dawowa. Alhali dokar FIFA ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, iyaye da yawa kuma ba wanda ya taɓa gaya musu haka. Akwai kuma asarar da ba a gani. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin haƙƙin ƙungiyoyin da suka rene shi ne tun daga shekara 12 zuwa 23. In an saye shi Yuro miliyan 10, Yuro dubu 500 ke nan za a raba musu. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da yake bin sawun wannan kuɗi, amma ba ya biyan kowa sai wanda sunansa yake cikin rajistar ɗan wasan. Ƙungiyar unguwar da ba ta da rajista za ta reni yaro shekara da shekaru, wasu su kwashe ladan.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga abubuwa huɗu da nake roƙo.

Na farko, fili. Manyan wuraren wasanni na birnin nan, filin Ahmadu Bello da filin Ranchers Bees da Dandalin Murtala, duk a hayin arewa suke. A gina madaidaicin filin wasa a yankin Kakuri, mai ciyawa da katanga da ɗakin canza kaya da wurin zaman 'yan kallo, a sa masa sunan Rashidi Yekini. Sannan a umarci hukumomin KADGIS da KASUPDA su tantance filayen ƙwallon unguwanni su ba su takardar kariya, domin kada a wayi gari an yanka su filoti-filoti.

Na biyu, rajista. Ma'aikatar da ke kula da wasanni ta haɗa kai da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a bi unguwa-unguwa a yi wa ƙungiyoyi da yaransu rajista kyauta, da shekarun haihuwa na gaskiya. A buɗe tebur guda inda uba zai kai takardar gayyata a duba masa sahihancinta kafin ya fitar da sisinsa.

Na uku, a dawo da kamfanoni cikin harkar. Ba ina neman gwamnati ta kafa wata sabuwar ƙungiya ta ɗora wa kanta albashi ba. Mun ga Kaduna United ta ci Kofin Tarayya a 2010, 'yan shekaru bayan nan ta faɗo daga babbar gasa, kuma ƙungiyar da ta dogara da kasafin gwamnati kaɗai kullum tana cikin wannan haɗari. Har yanzu akwai masana'antu a Kakuri da Kudandan da kan hanyar Abuja. Ka kira shugabanninsu ka zauna da su, kowane kamfani ya ɗauki ƙungiya ɗaya ta unguwar da yake zaune, jiha kuma ta saka masa da rangwame a harajin da yake hannunta. Sharaɗin shi ne duk yaron da ke ƙungiyar ya kasance yana makaranta ko yana koyon sana'a.

Na huɗu, gasa mai ɗorewa ta 'yan ƙasa da shekara 15 da 'yan ƙasa da 18, wadda ake bugawa gida da waje duk mako, ba irin kofin da ake shiryawa gab da zaɓe a manta da shi bayan an rantsar ba. Kuma a tsara ta yadda dole a riƙa ƙetare gada. Ka fi ni sanin yadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin nan, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Akwai saurayi a Sabon Tasha da bai taɓa shiga Rigasa ba, akwai na Tudun Wada da bai san hanyar Unguwar Romi ba. In ƙungiyar Narayi ta je Kawo ta buga wasa aka ba ta ruwa ta sha, ta Kawo ta zo aka rama mata, yaran za su san sunayen juna, kuma wanda ka san sunansa da wuya wani ya zuga ka a kansa. Tsofaffin 'yan wasanmu irin su Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida suna nan da ransu, kuma sun san wannan hanya ciki da waje. A nemi shawararsu tun daga farko.

Duk abin da na lissafa bai kai kuɗin gadar sama guda ɗaya ba, kuma yawancinsa umarni ne da sa ido yake buƙata. Ina roƙon ka sa ranar da za a fara, ka ɗora alhakin a wuyan jami'i guda da za a iya tambaya, a kuma sa shi cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Allah ya ba ka ikon yi, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya albarkaci matasanta baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani mazaunin Makera, Kaduna.