Keɓaɓɓen Adireshin IP: Kada Makarantu Su Sayi Magani Kafin Su San Ciwo

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, intanet ta zama abin da makarantar sakandare ba ta iya kauce masa, ko tana birnin Sakkwato, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe. Makarantar da ke son buɗe shafinta domin sanarwa da fitar da sakamakon ɗalibai sai ta kama haya a wurin kamfanin da ke ajiye shafuka cikin manyan kwamfutocinsa, waɗanda ake kira saba. A nan ne akan yi wa shugabannin makarantu tayin keɓaɓɓen adireshin IP a kan ƙarin kuɗi, musamman in shafi ya soma ba da wahala. Amma galibin makarantu ba su da bukatarsa. Abin da suke bukata shi ne malami ko ɗalibin da ya san yadda ake gano matsala, da yadda ake kai ƙararta.

Adireshin IP lamba ce da kwamfutoci ke gane juna da ita. Tsohon tsarinsa, wato IPv4, yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar na duniya, ciki har da AFRINIC ta Afirka, wadda aka amince da ita a 2005. Sabon tsari, IPv6, yana da yalwa ƙwarai, sai dai bai gama maye gurbin tsohon ba. Wannan ƙaranci ne ya sa keɓaɓɓen adireshi ya zama haja, ya kuma sa kamfanoni ke ɗora shafuka masu yawa a kan lamba guda. Misalinsa kamar akwatin gidan waya ne da mutane da dama ke tarayya a kansa: lambar akwati ɗaya ce, sunan da ke bayan ambulan ne ke nuna mai wasiƙa.

A da, akwai hujja mai ƙarfi ta mallakar lamba ta kai, domin shafin da ke son makullin tsaro na HTTPS yakan bukace ta. Dabarar SNI, wadda aka tsara a 2003, ta kawar da wannan larura, kuma daga ƙarshen 2015 Let's Encrypt ta soma ba da takardar shaidar tsaro kyauta. Saboda haka wanda ya ce sai da keɓaɓɓen adireshi shafi zai sami tsaro, tsohon zance yake maimaitawa.

Bugu da ƙari, sauya adireshi yana da tasa ƙura. Na farko, dole a gyara kundin DNS, wanda ke haɗa sunan shafi da lambarsa; kafin gyaran ya kai ko'ina akan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu. In aka yi sauyin a makon fitar da sakamako, wasu iyaye za su ga shafin, wasu ba za su gan shi ba. Na biyu, tun da adireshi ya yi ƙaranci, wanda aka ba makaranta a matsayin sabo yana iya zama tsohon wani ne. In mai shi na baya ya aika saƙonnin damfara da shi, mai yiwuwa yana cikin jerin lambobin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus ke gargaɗi a kansu, sai imel ɗin makaranta ya riƙa dawowa.

A ɗauka shafin wata makaranta ya ƙi buɗewa a wayoyin Kebbe, alhali yana buɗewa a Sakkwato. Kamfanonin wayar salula sukan haɗa wayoyi masu yawa a bayan adireshi guda. In mutum ɗaya ya yi ta shigar da kalmar sirri ba daidai ba, katangar tsaron saba tana iya toshe wannan lamba, laifin ɗaya ya shafi kowa. A nan lambar mai ziyara ce aka toshe, don haka ko makaranta ta sayi adireshi goma ba abin da zai sauya. Maganin kawai shi ne a roƙi kamfani ya buɗe lambar.

Wannan shi ne ya kawo batun kai ƙara. Ma'aikacin kamfani yana Legas ne ko wata ƙasa. Bai ga abin da malami ya gani ba. Saƙon da ya ce “shafinmu ba ya aiki” ba zai samo komai ba sai tambayoyi, ko tayin sayen ƙarin kaya. Kamata ya yi a gwada shafin da layukan waya biyu daban, a rubuta rana da lokaci, a ɗauki hoton saƙon kuskure, a kuma faɗi adireshin IP ɗin da wayar ke fita da shi. A kai ƙara a rubuce, a adana lambar da aka ba ta. In an ce a sayi wani abu, a tambaya: wace matsala zai warware, kuma ta yaya? Kafin kowane gyara, a kwafe bayanan shafin a ajiye.

Adalci ne a ce keɓaɓɓen adireshi yana da ranarsa. Makarantar da ke gudanar da sabar imel ta kanta, ko wadda wata hukuma ta shar'anta mata shiga rumbunta da sananniyar lamba, tana da dalilin biya. Amma abin da ya fi cancanta a tsare shi ne suna. Ƙungiyar NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta tanadi .sch.ng domin makarantu. A yi rajistarsa da sunan makaranta, ba da sunan wanda aka ba kwangila ba, domin mai riƙe da suna yana iya barin kamfanin da ya gaza ya koma wani.

Kuɗin da iyaye ke tarawa ba su da yawa. Ya kamata malaman kwamfuta a Tambuwal da Kebbe su koyar da wannan bincike a aji, su bar ɗalibai su gwada shi da wayoyinsu, kafin a fitar da ko kwabo.