Kumasi: Minti 30 na doka da cin ranar ma'aikatan Zango

A ranar 2 ga Yulin 2025 ne shugaban Ghana John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin tattalin arziƙin sa'o'i 24, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da shi: aiki ɗaya, mutum uku, kowa ya yi sa'o'i takwas ya miƙa wa na gaba. Tun daga lokacin ake ta muhawara kan wutar lantarki da tsaron dare da rangwamen haraji ga masana'antu. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne lokacin da ma'aikaci zai ajiye aiki ya sa wani abu a cikinsa, da abin da zai ci, da nawa zai biya. A unguwannin Zangon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line da Alabar, wannan tambaya ta fi kusa da rayuwar jama'a fiye da duk wani jawabi da ake yi a Accra.

A rubuce dai babu gardama. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ƙayyade aiki sa'o'i 8 a rana, 40 a mako. Sashe na 40 ya ce idan aikin a jere yake, ma'aikaci na da hutun aƙalla minti 30, kuma ana lissafa shi cikin lokacin aiki. Idan an raba aikin gida biyu, hutun ba zai gaza sa'a ɗaya ba, sai dai wannan ba ya shiga lissafi. Ta wannan fuska Ghana ta ɗara Faransa ma, inda dokar ƙwadago ta wajabta minti 20 bayan aikin sa'o'i shida.

To amma dokar da kanta ta cire masu aikin jinga da masu aikin gida daga wannan tanadi. Sannan fiye da kashi 70 cikin 100 na masu aiki a Ghana suna neman abincinsu ne a wajen ofis da kamfani, inda babu takardar ɗaukar aiki balle jami'in ƙwadago da zai leƙo. Mutanen Zango kuwa nan ne gidansu tun asali. Fatauci ne ya kafa unguwar: bayan rikicin Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, fataken goro da na shanu suka sauke kaya suka zauna. Jikokinsu a yau su ne mahauta a mayankar Kaase, makanikai da maƙera a Suame Magazine, masu gwangwan a Akwatia Line, teloli, 'yan canji, direbobin manyan motoci da masu keke mai ƙafa uku da ake kira pragya. Babu ɗaya daga cikinsu da ƙararrawa ke sallama da tsakar rana.

Ladan ne agogo

Abin da ke tsayar da aiki a Zango shi ne kiran sallar Azahar. Ghana na kan agogon GMT, don haka rana na gotawa a Kumasi wajen ƙarfe 12 duk shekara, masallatan unguwa kuma kan tayar da salla bayan nan. Tela ya rufe keke, makaniki ya wanke baƙin mai, a yi alwala a bakin shago. Cin abinci kan biyo bayan salla, kuma sau da yawa a kwano ɗaya. Wannan hutu babu dokar da ta rubuta shi, amma ya fi na sashe na 40 ƙarfi, domin maigidan da zai hana yaronsa zuwa salla a Aboabo ya san da bakin unguwa zai haɗu.

Lamarin ya sha bamban ga ɗan Zangon da ke aiki a banki ko asibiti ko shagon wani a Adum. Shi minti 30 ɗin nan ko sa'a ɗaya su ne na alwala da salla da layin mai abinci. Ranar Juma'a ta fi tsanani, don a Ghana ranar aiki ce cikakkiya, hutun mako Asabar da Lahadi ne. Wanda zai je Babban Masallacin Kumasi, da aka sake buɗewa a Maris na 2023 bayan gyara, ko ma masallacin da ke kusa da shi, sai ya haɗa da cunkoson hanya da huɗuba, abincin ranar kuma ya zama gasasshiyar ayaba da gyaɗa a kan hanyar komawa. Musulmi kashi 19.9 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar a ƙidayar 2021, amma fitar Juma'a har yanzu ta dogara ne ga fahimtar shugaban wurin aiki. A 2025 majalisar dokoki ta ƙara ranar hutu guda bayan ƙaramar Salla, aka yi murna, kuma ta cancanci murna. Sai dai wannan kwana ɗaya ne a shekara, Juma'a kuwa sau 52 take zuwa.

Akwai kuma waɗanda ko Azahar ba ta ba su hutu sosai. 'Yan matan da ke dako da kwano a ka a Kejetia da babbar kasuwa, waɗanda ake kira kayayei, akasarinsu daga arewacin ƙasar, ana biyansu ne kan kowane kaya da suka ɗauka. Tsakar rana ce lokacin da masu sayayya suka fi yawa, wadda ta zauna cin abinci ta bar wa wata kuɗinta. Haka mai pragya da zai kai wa mai keke balas da yamma. Ga irin waɗannan, hutu asara ce da mutum ke cire wa daga aljihunsa, shi ya sa ake shan koko da ƙosai da sassafe, a riƙe ciki da ruwan leda da burkina ko fura, sai dare a ci mai nauyi. Yaran da ke koyon sana'a a gareji ba su da albashi, abin da maigida ya miƙo na abinci shi ne cin ranarsu, ranar da babu aiki kuwa sai abin da hali ya yi.

Farashi ya daina gudu, bai dawo ba

Abin lura shi ne da yawa daga cikin abincin ranar Ghana daga tukunyar Zango ya fito. Waakye da ake ci daga Accra har Tamale sunansa daga "wake" ne, shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi. Tuwon zafi da koko da ƙosai da masa da tsire duk da sunayensu na Hausa suka shiga bakin Asante. Matan Zango da ke kwana a gindin murhu su ne ke ciyar da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da ɗalibi. Don haka duk abin da ya taɓa cin rana ya taɓa Zango sau biyu: ya taɓa mai saye, ya taɓa mai sayarwa.

A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, ta abinci ma ta zarce haka. Ƙasar ta shiga shirin bashin dala biliyan 3 na Asusun Lamuni na Duniya a Mayun 2023. A ƙarshen 2024 hauhawar na kan kashi 23.8, kafin ta sauko zuwa 9.4 a Satumbar 2025, bayan da sidi ya farfaɗo daga sama da 15 a kan dala ɗaya zuwa ƙasa da 11 a tsakiyar shekarar. Gwamnati na alfahari da waɗannan alƙaluma, kuma ba ƙarya ba ne. Amma saukar hauhawa na nufin farashi ya rage saurin hawa, ba wai ya sauko inda yake a 2021 ba. Mai waakye da ta rage girman ludayi a shekarun tsada ba ta da dalilin mayar da shi, tunda gawayi da mai da kuɗin rumfa ba su koma baya ba.

Mafi ƙarancin albashi na rana ya tashi daga sidi 14.88 a 2023 zuwa 18.15 a 2024, sannan 19.97 a 2025, wato kimanin jikka guda ta sefa a canjin ƙarshen shekarar. Waakye ɗaya da ƙwai da ɗan nama na iya lashe wannan kuɗi gaba ɗaya, ba a yi maganar kuɗin mota ba. Abin da ya rage wa talaka shi ne bashi: mai abinci ta san abokan cinikinta, tana zuba musu, su biya ranar da aiki ya faɗo. Wannan amana ce ke riƙe da cin ranar dubban mutane, kuma nauyinta na kan matan da su ma da adashi suke juya jarinsu. A Faransa tun 1967 akwai takardar cin abinci da mai kamfani ke biyan wani kaso nata. A Aboabo, mai tuwo ce ke ɗaukar wannan nauyi ba tare da kowa ya biya ta ba.

Matakan hukuma ma kan sauka a kan kwanon ne ba tare da an yi shawara da shi ba. A Afrilun 2025 sabon shugaban hukumar birnin Kumasi, Richard Ofori Agyemang Boadi, ya ba masu kasa kaya a gefen titunan tsakiyar gari wa'adin mako biyu su tashi, har da barazanar bulala da ta jawo masa suka. Cunkoson Adum da Kejetia gaskiya ne, gobarar da ta cinye shaguna a Adum a watan Maris na shekarar ta nuna haɗarin toshe hanya. Sai dai idan an kori mai abinci daga bakin titi ba a ba ta wuri kusa ba, ma'aikacin da ke da minti 30 ne zai ƙara tafiya, ko ya haƙura. A ranar 5 ga Yunin 2025 kuma shugaba Mahama ya sanar da shirin hana shigo da farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki da kuma ƙera ta. Matakin na da hujja, duk wanda ya ga magudanan ruwan Aboabo da damina ya san haka, kuma ganyen da aka saba naɗe waakye da shi yana nan. Tambayar ita ce wa zai biya bambancin kuɗin mazubi, amsar kuma sananniya ce.

Batun tsafta ma ba a raina shi. A Janairun 2023 mutane sama da 50 suka kamu da rashin lafiya, ɗaya ya rasu, bayan cin abincin wata mai waakye a Oyibi kusa da Accra. Hukumar kula da abinci da magunguna na ba masu sayar da abinci a titi takardar izini, amma takarda ba ta kawo famfo ko wurin wanke hannu. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya yi suna ne wajen filayen ƙwallo da gine-ginen makarantu. Rumfunan abinci masu ruwa da inuwa kusa da gareji da tasha da masallaci ba za su kai waɗannan tsada ba, kuma kullum za a yi amfani da su.

Manhajojin kai abinci ba su cike wannan giɓi ba. Jumia ta rufe sashenta na abinci, Glovo ta fice daga Ghana a Mayun 2024. Dama can kuɗin kaiwa kaɗai ya fi ƙarfin mai aikin jinga, a Zango yaron shago ne ake aika da kwano.

An daɗe ana maganar sabunta dokar ƙwadago ta 2003, shirin sa'o'i 24 kuma ya sa hakan ya zama dole, domin wanda ya karɓi aiki ƙarfe 10 na dare shi ma zai ji yunwa ƙarfe 2, lokacin da mai waakye ke hura wutar gobe. Zango na da murya a inda ake yanke shawara: ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mohammed Mubarak, shi ne aka naɗa ministan harkokin cikin gida a 2025. Idan daftarin ya iso majalisa, abubuwa biyu za a duba: ko an bar masu aikin jinga da masu aikin gida a waje kamar yadda dokar yanzu ta yi, da ko an ambaci sa'ar Juma'a.