Mataimakin shugaban ƙasa: Me ya sa ɗan Zazzau bai kawo ƙuri'un Kaduna ba?

Sau biyu ana ɗauko mataimaki daga ƙasar Zazzau: Namadi Sambo, wanda Goodluck Jonathan ya ɗauka a 2010, da Datti Baba-Ahmed, wanda Peter Obi ya ɗauka abokin takara a 2022. Datti ba baƙo ba ne a Nasarawan Doya, domin shi ya kayar da Ahmed Makarfi a zaɓen sanatan Kaduna ta Arewa a 2011, kafin kotu ta mayar wa Makarfi kujerar. Amma Buhari ne ya lashe jihar a 2015, Atiku kuma a 2023.

Jam'iyyu na zaɓen mataimaki ne da ma'aunin yanki da addini. Shi kuwa dillalin rake da ke biyan kuɗi a shingaye tsakanin Makarfi da Kano, buƙatarsa gwamnati ta sassauta masa haraji, ta cire hannunta daga cinikinsa. Ba kasafai ake tambayar mataimaki matsayinsa kan wannan ba, alhali tsarin mulki shi ya ɗora wa shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, kuma jihohinsu ne ke karɓar yawancin harajin da ke damun 'yan kasuwa.